Abin Jiya a Cikin Kwamfuta

"…Ina gajiya, maigida? Ko da yake ina ka ga gajiya, kai da aikinka bai wuce danna yatsa ba."

"Ba gajiya, uwargida. Ya ƙafa? Tun kina bakin famfo na ji gwiwarki ta yi sallama, bakinki bai iso ba."

Haka Mma Awabu da jikanta Ishawu suke gaisawa kowace safiya. Ita tana kiran sa miji, shi yana kiran ta mata, kamar yadda kaka da jika suka gada, kuma ba a taɓa rabuwa ba sai wani ya ji jiki. Amma ran nan ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta ba. Sabon kwaɗo ne a hannunta, kuma duk gidan an san na ƙofar shago ne.

Shagon ɗan ɗaki ne a bakin gidanta a unguwar Nima. Bara ta ba Ishawu aronsa, ya sa wata tsohuwar kwamfuta hom-yus, wato ta gwanjo, da ya harhaɗa da hannunsa, yaran unguwa suna zuwa suna biya suna wasa. Wasan na wani jarumi ne mai takobi, yana yawo gari-gari yana kashe dodanni. Da yaran suka kai ƙarshensa suka fara janye jiki, sai Ishawu ya gano yadda ake buɗe cikin wasan a ƙara masa abin da masu shi ba su sa ba: a zana sabon gari, a gina gidaje, a sa wa mutanen ciki magana a baki. Ya daɗe yana wannan ɗori, kasuwa kuwa ta ƙi dawowa. Ana cikin haka ruwan sama ya tafi da kiyos ɗin Fuseina, wato rumfar da take ɗinki a unguwar Maamobi, Mma Awabu ta ce daga yau shagon na Fuseina ne.

Ni mai gadi ne, da rana nake barci, kuma katako ne kawai tsakanin gadona da shagon. Ba zan ɓoye ba, da na hango kwaɗon nan raina ya yi fari ƙal. Na gaji da gurnanin dodanni a kaina da tsakar rana. Na gyara filo, na kasa kunne, ina leƙe ta tsagar katako.

"Kwashe tarkacenka," in ji Mma Awabu. "Na sake ka, na saki akwatinka."

"Mace ba ta saki a Nima, sai dai ta yi yaji. In ma yajin ne, gidan wa za ki? Duk sa'o'inki suna maƙabarta suna ta duba hanya."

"Su ƙara haƙuri, sai na ga bayanka tukuna. Mijin da ko albasa bai taɓa sayo mini ba. Wancan na farko, Allah ya jiƙan sa, da goro ya gina gidan nan. Kai da me za ka gina? Da aljanun gilashi?"

"Wancan ai gudu ya yi, cale. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ga ba mafita sai lahira."

"Cale a bakinka. Ni abokinka ce da za ka kira ni cale?"

"To Hajiya amarya, zauna ki gani kafin ki yanke hukunci. Gani ya kori ji. In kin gani bai yi miki ba, ni da kaina zan danna kwaɗon."

Ta zauna a bencin yara, ba don ta yarda ba, don gwiwa ce ta nemi alfarma. Ishawu ya kunna abinsa, kiɗan nan da na tsana ya tashi.

"Ga garin da na ƙara," ya ce. "Duba da kyau, in idon na aiki yau. Ga babbar gwata, ga tashar motocin turoturo, ga masallaci. Nima ce sukutum. A wasan masu shi, in jarumi ya ji rauni wani jan ruwa yake sha a kwalba. Na cire shi koraa, gaba ɗaya, na sa koko da ƙosai."

"Kokon wa?"

"Koko dai."

"Ba koko dai a duniya. Akwai nawa, akwai ruwan wanki. Wannan tsinkakken na maƙwabciyata Sahadatu ne, daga nan na gane shi. In ya sha wannan, ko kaza ba zai kashe ba."

"Ai naki na so in sa, na ji tsoro kada kwamfutar ta ƙware."

"Tsaya. Gidan wa jarumin nan ya faɗa haka?"

"Gidan mutane."

"Ya yi sallama?"

"Ba a sallama a gem, Mma."

"Da takalmi kuma, a kan tabarma. Me yake buɗewa?"

"Akwati. Kin ga, ya samu zobe."

"Ya samu ko ya sata? Ga mai gidan nan tsaye yana kallon sa kamar an dasa shi."

"Haka masu wasan suka yi shi. Duk abin da ka tarar a gida naka ne."

"To shi ya sa. Ruwa ba ya tsami banza. Ran Talata na iske ɗaya daga cikin yaranka da hannu a tukunyar namana. Na ce me kake yi, ya ce yana dubawa ne ko akwai wani abu a ciki. Ashe makarantar a bakin ƙofata take, ni ke biyan wutarta."

"Jarumi ne fa. Duniya zai ceta."

"Wanda bai iya cire takalmi ba ne zai ceci duniya? Wa ya haife shi?"

"Ba shi da uwa."

"Ai na gani."

Na danne dariyata da filo. Ishawu bai kula ba, ya kora jaruminsa har bakin gwata, wani abu mai kai biyu da jajayen idanu ya taso daga cikin ruwan.

"Ga dodon gwata. Ni na zana shi, ɗigo-ɗigo."

"Sannu. Madubi ka ajiye a gabanka?"

"Hoton fasfonki na Makka na duba. Na ma rage masa muni, don yara ne masu wasan."

"Da wannan fuskar kakanka ya sayar da shanu uku ya aure ni."

"Shi ya sa har ya mutu bai ƙara sayen komai da dare ba."

Jarumin ya kai sara, ya ƙara, ya sake ƙarawa, dodon ya kife cikin gwata. Kiɗan nasara ya tashi.

"Shi ke nan?" in ji Mma Awabu.

"Shi ke nan." Muryar Ishawu ta sauka, wasan ya fita daga cikinta. "Nan ne ciwon, Mma. Duk abin da na ƙara, yaran nan kafin la'asar sun cinye shi. Na ƙara wa dodo kai, sun sare. Na ƙara masa wuta a baki, sun gano inda ake laɓewa. Abin da na kwana biyu ina ginawa, ga lait of, ɗauke wutar nan, yana ɓata mini aiki, su zama ɗaya ya ishe su. In sun gama kuma ba sa dawowa. In kin rufe shagon nan yau, ban san abin da zan kama ba. Ba abin da na iya sai wannan."

Gaskiya ya ba ni tausayi, ni da nake addu'ar a kore shi. Mma Awabu kuwa ta fasa goro, ta jefa ɓari a baki, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai dai an yi asarar kuɗin makaranta. Ana riƙe yaro da dodo? Dodo ai tsoro ne, tsoro kuwa da an saba ya ƙare. Aike ke riƙe yaro."

"Akwai aike a ciki. Sarki ya ce je ka kawo kan dodo, ka kawo, ya ba ka tukwici."

"Sarkin nan bai taɓa raino ba. Wa ke aiken yaro abin da zai samo? Ka ce kana iya sa mutum a ciki?"

"Ko ke zan iya sawa, in disket zai ɗauki nauyinki."

"Sa tsohuwa a ƙofar gida."

"Haƙora nawa zan ba ta?"

"Daidai hankalinka. Ɗaya ya isa, kada a yi ɓarna. Kuma ka sa takobi ba ya cin ta."

"Wannan na san shi tun ina yaro."

"Kafin ta ce masa uffan, sai ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ta. Kwana, gajiya, gida, yara, ƙafa. In ya tsallake ɗaya ta juya masa ƙeya, ya koma bakin titi ya sake shigowa."

Na ji madannan sun fara ƙas-ƙas. Ishawu ya manta da kwaɗo, ya manta da saki, ya gyara zama.

"Wannan zai yiwu. In jera gaisuwar, ya zaɓa bi da bi. In ya ce ya ƙafa kafin ina kwana, ya faɗi. Yoo. Sai kuma me?"

"Sai ta ce, je ka Maamobi gidan Tani, ka ce ta ba ka abin jiya."

Madannan suka tsaya.

"Abin jiya. Ai wannan na san shi, kin sha aike na ina ƙarami. Af, Mma, wai shi mene ne? Ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Kullum in na je gidan Mma Tani sai ta ce yanzun nan aka kai gidan Sahadatu. Sahadatu ta ce yana wurin matar liman. Matar liman ta ce da na zo da wuri kaɗan."

"To zana shi mana, tunda kai mai zane ne."

"Ta yaya zan zana abin da ban gani ba? Kwano ne? Ƙulli ne? Yana da marfi?"

Dariyar da Mma Awabu ta yi sai da katakon ɗakina ya amsa. Ta yi ta yi har goro ya nemi ya shaƙe ta, Ishawu yana bubbuga mata baya yana tambayar abin da ya faɗa.

"Ga gemu a haɓa," ta ce tana share hawaye, "ga kwamfuta a gaba, yana tambaya ko yana da marfi. Babu shi, maigida. Ba a taɓa yin sa ba. In yaro ya dame ka, kana son ka yi wanka ko ku yi maganar manya, sai ka aike shi abin jiya. Duk macen Zango ta san amsar. Ta kalle shi da fuskar tausayi, ta tura shi gaba."

"Mma, har Kanda na taɓa zuwa da ƙafa, cikin rana paa."

"Ka dawo ka yi barci kamar buhun gawayi, muka huta."

"Wannan zalunci ne. Ƙara zan kai."

"Wurin wa? Liman ma matarsa na ciki."

"Wato duk tsofaffin layin nan ƙungiya ce guda."

"Wanda ya riga ka kwana ai dole ya riga ka tashi. Rubuta, kana ɓata mini lokaci. Kada ka sa gidajen su zo a jere, yau ta nan gobe ta can, don kada ɗan banza ya haddace hanya. Kuma kowace mace da halinta. Sahadatu ba za ta gaya masa inda aka kai ba sai ya cika mata randa. Matar liman sai ya biya mata karatun allo, in ya yi tuntuɓe ya koma farko. Akwai wadda kurma ce, sai ya faɗa sau uku."

"Wannan sai su yi wata ba su ga ƙarshensa ba." Hannunsa na ta gudu a kan madannan. "Kin san dai ke muguwa ce? Turawan da suka yi wasan nan da sun san ki da sun ɗauke ki aiki."

"Ba za su iya biyan sadakina ba. Kai ma bashi ka ci."

"Amma akwai gyara, uwargida. Dole ya riƙa samun wani abu a hanya. In ana ta tura shi hannu wofi, zai gane ya daina. Ni ma abin da ya sa ban daina ba, ana ba ni abinci ne. Akwai shekarar da kullum sai kin aike ni, safe da yamma, kuma duk gidan da na shiga sai an ce zauna ka taɓa wannan kafin ka wuce. Nan rogo, can ɗan gari da ruwa. Gidan Mma Tani har a gaba take sa ni sai ta ga na siɗe kwano. Lallai a shekarar nan na dame ki da yawa."

Mma Awabu ta jujjuya kwaɗon a cinyarta.

"Wace shekara ke nan?" ta ce.

"Ina ajin farko-farko. Lokacin da aka yi fari, daji ya yi ta cin wuta, ake layi tun asuba a gidan mai dokunu, tuwon masarar nan."

"Shekarar yunwa."

"Ita."

"Ba ka dame ni ba, Ishawu. A shekarar nan ko ƙarfin ƙiriniya ba ka da shi. Tukunyata ce take kwana ba ta hau murhu ba. Ba zan iya ba jikana kwano in ce je ka gidan wance ba, kuma ba zan iya zama ina kallon wuyanka yana ramewa ba. To sai abin jiya ya sake aiki. Duk wadda aka aika wa yaro a lokacin ta san abin da ake nufi. Ta ba shi loma, ta tura shi gaba, don kada nauyin ya faɗa kan gida ɗaya. Ni ma ranar da nake da shi an aiko mini na wasu. Tani kuwa ba ta da rara. Rabon 'yarta Fuseina take rabawa biyu."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Balle a shekarar da babu tuwon."

Ba abin da ke motsi a shagon sai jarumin nan da ke tsaye a bakin gwata yana lilo da takobi, yana jiran a gaya masa inda zai nufa. Can sai na ga Ishawu ya miƙe, ya kashe kwamfutar, ya sunkuya ya fara zare wayoyi.

"Me kake yi?" in ji ta.

"Ba ni kwaɗon, Mma. Shagon na Fuseina ne. Wannan zan tura ta ƙarƙashin gadona."

"Ji ragon miji. An ba shi labari ɗaya ya yar da takobi. To wa zai gama mini tsohuwata? Ka bar ta a ƙofar gida da haƙori ɗaya, ba wanda ya gaishe ta?"

"Ai ke kika ce in kwashe."

"Na ce, kafin in san abin naka yana jin magana. Buɗe ido ka dubi ɗakin nan. Keken ɗinki ba jirgin ƙasa ba ne. Taga ta Fuseina ce, don zare na son haske. Kai da aljanunka ku koma lungu, da ma duhu kuke so. Yaranka kuma su yi sallama su cire takalmi, na cikin gilashi da na waje. Wanda ya taka mata yadi, kai zan kama."

Ishawu ya tsaya da waya a hannu. Ya share fuska da gefen riga, wai zufa ce, sannan ya yi gyaran murya.

"Wato kin janye sakin."

"Bikonka na yi don tausayi. In na bar ka wa zai kwashe ka?"

"Faɗi gaskiya dai. Kin ga za ki shiga kwamfuta ne, kina son suna ya kai Turai."

"In ka zana ni kamar abin can na gwata, a kan dodonka za a yi maka sallar gawa."

"Zan sa miki mayafi mai kyau, da zobe."

"Ba wanda jaruminka ya sato ba."

Ta fashe da dariya, ta jefa masa kwaɗon, ya cafe. Makulli biyu ne ɗaure a jikinsa da zare.

"Ɗaya naka, ɗaya nata," ta ce. "Kyauta ce, kada ka saba."

Ni dai na san tawa ta same ni, ga gurnanin dodo ga kuma ƙarar keke, amma ban iya jin haushi ba. Mma Awabu ta dafa bango ta miƙe, gwiwa na ƙara.

"Tashi ka je Maamobi gidan Tani ka ɗauko keken Fuseina. A ka za ka ɗauko shi, kada ka sa a turoturo su karya mata."

"Aike kuma? Wannan dai akwai shi ko?"

"Akwai shi. Wuyanka zai ba ka labari."

Ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, sai ta sake kiran sa, ba da maigida ba, da sunansa.

"In Tani ta ce zauna ka taɓa abinci, ka zauna. Ka cinye, ka yi mata godiya da kyau. Wancan karon ba ka san abin da kake ci ba."